Matan da Aka Bari a Bakin Titi Ranar Kiɗan Ƙwarya

Zuwa ga Mai Girma Alhaji,
Shugaban Kwamitin Amintattu na Lambun Jama'a,
Sabon Gari, Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa a gama lafiya, amin.

Ni ce Malama Binta, matar abokinka marigayi Malam Sule, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, kuma ɗaya daga cikin masu aikin sa kai a lambun unguwarmu. Kai ka san ni, ba sai na gabatar da kaina ba; saboda sauran masu karatu na yi. Sunanka kuwa da gangan ban ambace shi ba, don ba tozarta ka na zo yi ba.

Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na je gidanka, Hajiya ta karɓe ni da mutunci kamar yadda ta saba, ta ce ka tafi Kano. Na sake komawa na tarar kana shirin fita, ka sauke gilashin mota ka ce, “Malama, a yi haƙuri, za mu zauna.” Har yau ba mu zauna ba. To, abin da ya faru a bainar jama'a ya faru, kuma waɗanda abin ya shafa suna jiran su ji ko akwai mai cewa wani abu. Shi ya sa na rubuta.

1. Yadda aka samu lambun

Ga wanda bai san wurin ba, fili ne a bayan unguwarmu, kan hanyar da ke gangarawa kogi. A da juji ne. Duk sharar unguwa nan ake zubarwa, da damina kuwa sauro ya hana maƙwabta sakat. Kai ne ka yi ta zirga-zirga har aka bar wa jama'a filin, kuma da aka zagaye shi da katanga kai ka sa masa ƙofar ƙarfe daga aljihunka. Wannan alheri ne, ba zan ɓoye shi don raina ya ɓaci ba.

Sauran aikin gayya ce. Magina suka ba da ranakun hutunsu, masu kura suka kwashe shara, ɗaliban jami'a suka kawo dashen darbejiya da mangwaro, mu mata muka ɗauki ban-ruwa. Da bokiti muka raini itatuwan nan tun suna kai wa gwiwa har suka yi inuwar da ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Ba wanda aka biya, ba kuma wanda ya nemi a biya shi.

Kiɗa daga baya ya shigo. Wata shekara, bayan an kai amfanin gona gida, manoman Ɗankaza suka roƙi a bar su su buga gangar noma a cikin lambun da yamma, murnar Allah Ya ba da damina mai kyau. Mahauta suka ji labari, suka zo da kalangu. Shekarar da ta biyo baya sai ga wani Bafulatani da sarewarsa, ga masunta da waƙoƙinsu na cikin kwalekwale, ga ɗalibai da lasifika da nasu waƙoƙin, waɗanda mukan saurara tukuna kafin mu yarda a rera su gaban dattawa. Haka abin ya zama al'adar kowace kaka. Mu masu aikin sa kai ne ke shara, mu yi shimfiɗa, mu tanadi ruwan sha, mu tsare ƙofa, mu tsayar da kiɗa da zarar an kira salla. Ba a taɓa yin faɗa a wurin ba, kai shaida ne.

2. Alkawarin da na ɗauka

Duk shekarun nan mata daga bayan katanga suke jin kiɗan, alhali su ne suka shayar da itatuwan da ake zama a inuwarsu. Bana sai muka ce a raba: Asabar ta mata, Lahadi ta maza.

Ka san garinmu, Alhaji. Matar aure ba ta fita wurin kiɗa don kawai an yi shela. Muka fara da Liman. Ya saurare mu, ya gindaya sharuɗɗa: a yi shi cikin katanga, ƙofa a rufe, mata ne za su tsare ta daga ciki, babu namiji ko da mai ɗaukar hoto ne, kuma a tashi kafin magariba. Muka kawo maka wannan a zaurenka, ka ce, “Madalla, Allah Ya sa albarka.” Har ka ƙara da cewa Hajiya ma za ta leƙo.

Daga nan na ɗauki mayafina na shiga bin gidaje. Ni aka tura saboda yawancin magidantan unguwar nan sun zauna a ajina suna yara, wasu kuma matansu ne ke zuwa ajin manya da nake yi a gidana. Wasu suka yarda nan take, wasu sai da na koma. Tambayarsu ɗaya ce: a ina za a yi, kuma wa zai gan su? Ni ma amsata ɗaya ce: cikin katanga, ba wanda zai gan su, ni na ɗauki alhaki.

Akwai Malam Haruna mai gyaran babur. Mutum ne mai tsare gidansa, ba mugu ba ne, amma ba ya son iyalinsa a waje. Matarsa Rabi tana cikin ɗalibaina, da ƙyar ma ya bar ta take zuwa. Na same shi a shago, hannu duk baƙin mai, na yi masa bayani. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, “Malama, ke kika koya mini baƙi da wasali. Tunda ke kika ce, ta je.”

Sai mai kiɗa. A ƙasarmu in ana maganar kiɗan ƙwarya, Inna Tabawa ta Dagumawa ake nufi. Ta yi wa iyayenmu kiɗa, ta yi mana ranar da aka kai mu ɗakunanmu. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta daina zuwa biki. Na hau adaidaita sahu na je har ɗakinta. Ta ƙi da farko. Da na ce mata zalla ne, kuma a zaune za ta yi, a inuwa, sai ta yi dariya ta ce, “’Yar nan, hannuna ya yi nauyi. Amma zan zo in ji ko sun manta da ni.”

3. Abin da ya faru ranar Asabar

Ranar Juma'a da yamma muka share lambun tas, muka yayyafa ruwa, muka jera tabarmi a ɗan ɗakin ajiya. Mukullin ƙofa biyu ne tun asali, ɗaya a hannun Malam Audu maigadi, ɗaya a hannuna saboda ban-ruwa.

Asabar bayan azahar na iso da mukullina, sai na tarar da sabon kwaɗo a jikin ƙofa. Na leƙa ta tsakanin ƙarafa, na ga an kafa kanofi, an jera fararen kujeru, maza suna ta jan wayar janareta. Malam Audu ya zagayo, kansa a ƙasa, ya ce, “Malama, da safe aka kawo kayan. An ce Alhaji ne ya ba da wurin, walimar ɗan wani abokinsa ce daga Kano. An ce kada in buɗe wa kowa sai mai kati.” Na kira wayarka, tana shiga ba a ɗauka. Da na sake kira sai na ji ta a kashe.

Kafin in gama tunanin abin yi, mata sun fara isowa. Sun ci kwalliya, sun sha lalle, wasu da goyo, wasu riƙe da hannun ’ya'yansu mata, wasu da kwanon ƙosai da robar zoɓo da suka yo don a raba. Waɗanda suka fito daga Dagumawa da Ɗankaza sun sallami masu adaidaitan da suka kawo su, da alkawarin a dawo ɗaukarsu gab da magariba. Babu wurin tsayawa sai bakin titi.

Ka san hanyar nan ba ta rabo da mutane. ’Yan acaɓa suka riƙa rage gudu suna kallo, samarin da ke wankin mota suka bar aiki suka matso, har na ga wani ya ɗaga waya yana ɗaukarmu. Mata suka ja mayafai suka rufe fuskoki, suka manne da katanga, jarirai suna kuka saboda rana. Duk wadda na haɗa ido da ita, tambaya nake gani a fuskarta.

Ana cikin haka motocin baƙinka suka fara isowa suna danna oda. A daidai lokacin ne aka sauke Inna Tabawa da ƙorenta da matan da ke yi mata amshi. Wani daga cikin baƙin, sanye da babbar riga, ya leƙo ta tagar mota ya ce wa direbansa, “A ba maroƙan nan wani abu su ba mu hanya.” Ban ga laifinsa sosai ba, bai san mu ba, bai san wurin namu ba ne. Amma Inna ta ji. Idonta ne ya yi rauni, kunnenta garau yake. Sai ta tambaye ni ta wane gefe katanga take, don ta jingina.

Malam Haruna ya wuce a kan babur ɗin wani da yake gwadawa bayan gyara. Ya ga Rabi a bakin titi da goyo, samari na tsaye kusa da ita. Bai tsaya ba.

Daga ƙarshe na roƙi matan unguwa su koma gidajensu, na kwashi na nesa zuwa nawa gidan. Tsakar gidana ka san ta, ba ta da faɗi. Nan muka matsu, muka kifa wa Inna ƙwarya a cikin ruwa, ta ɗauki ’yan sandunanta. Da farko a hankali ta fara, kamar mai lalube, can sai hannun ya sake, muryar ta buɗe, mata suka karɓi amshi. Har wata tsohuwa daga Ɗankaza ta miƙe ta taka. Wallahi kiɗan ya yi daɗi. Sai dai yawancin waɗanda na yi wa alkawarinsa suna ɗakunansu a lokacin, sun cire kwalliya. Da Inna za ta tafi ta kama hannuna ta ce, “Kar ki sa abin a ranki. Ba ke kika sa kwaɗon ba.”

Washegari da safe Malam Haruna ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, “Malama, kin ce cikin katanga.” Daga nan ya juya ya tafi. Ni da na shekara da shekaru ina tsayawa gaban aji, sai ga ni ina jin kunyar yaron da na koya wa riƙon fensir.

4. Ranar Lahadi

Lahadi aka buɗe ƙofa. Abokan aikinmu maza suka tarar da ragowar shinkafa da ledoji ko'ina, an sassare rassan mangwaro don kanofi ya samu wurin tsayawa. Suka share, suka kwashe, aka yi taron maza kamar yadda aka tsara. Ban yi baƙin ciki da hakan ba, su ma sun yi wahalar shiri, kuma manoman Ɗankaza ba su da laifin komai.

Ka halarta, aka ba ka kujerar gaba, ka yi jawabi. Ina tsakar gidana na ji ka ta lasifika. Ka yaba haɗin kan jama'a, ka gode wa masu aikin sa kai, sannan ka ce, “Jiya an ɗan samu akasi.” Ranka ya daɗe, a sanina akasi shi ne ruwan sama ya sauko, ko janareta ya ƙi tashi, ko mai kiɗa ya kwanta rashin lafiya. Kwaɗo kuwa mutum ne ya je kasuwa ya saye shi, ya kawo, ya cire na da, ya maƙala sabo, kuma ya san ranar ta wace ce.

5. Abin da muka rasa

Ba yammacin Asabar ɗaya kaɗai muka rasa ba. Tun ranar Rabi ba ta sake zuwa ajin manya ba. Yarinyar nan ta fara karanta katin asibitin ɗanta da kanta, tana murna ba sai ta nemi mai duba mata ranar rigakafi ba. Ba ita kaɗai ba ce. Ajina ya rage, kuma na san dalili. Magidanci da ya ga iyalinsa a bakin titi bayan an ce masa cikin katanga, ba zai tsaya bambance wane ne ya yi alkawari da wane ne ya kulle ƙofa ba. Liman ma da na je masa, cewa ya yi shi ya ba da sharuɗɗa an karya, kada a sake sa bakinsa a ciki.

Sabon mukullin kuma har yanzu ba a ba mu ba. Matan ban-ruwa sai su zo su tsaya jiran Malam Audu, shi kuma yana tsoron buɗewa ba da izini ba. Ƙananan dashen da muka sa bana a gefen gabas sun fara bushewa.

Ina jin ana cewa daga yanzu za a riƙa ba da lambun haya don bukukuwa. Ban tabbatar ba, don haka ba zan rubuta shi a matsayin gaskiya ba, tambaya nake. Ban san ko an biya wani abu a kan walimar nan ba, kuma ba shi ya kawo ni ba. Na san famfo yana lalacewa, katanga tana son gyara, maigadi yana da iyali. In kwamiti ya ga a ba da wurin a ranakun da ba a komai, a faɗa a fili, ba na jin akwai mai ƙi. Na kuma san aboki in ya taso daga Kano da buƙata, da nauyi a ce masa a'a. Amma ko da ranar Juma'a da yamma ka aiko mini da mutum ɗaya, da na sake bin gidajen nan na ce an ɗaga. Da gajiya kawai zan yi, da ba a kai ga wannan ba.

6. Abin da nake roƙo

Na farko, a mayar wa masu ban-ruwa mukulli tun itatuwan ba su ƙarasa ba.

Na biyu, kwamiti ya zauna da mu masu aikin sa kai a yi yarjejeniya a gaban Liman da mai unguwa, cewa ranar da aka riga aka ba jama'a ba za a ba wani ita ba, komai girmansa. A kuma sa mace ko da ɗaya ce a cikin kwamitin. Da akwai ta, ina jin da an samu mai tuna muku cewa Asabar ɗin nan tana da masu ita.

Na uku, a sa wa mata wata rana kafin azumi ya kama.

Na huɗu, a je Dagumawa a gaida Inna Tabawa. Ba ta nemi komai ba, kuma na san ba za ta nema ba. Amma tsohuwa ce da ta bar ɗakinta saboda mu, aka kira ta da sunan da ba nata ba a ƙofar lambunmu. Zuwanka da goro da kalma mai daɗi ya isa.

Na biyar shi ne mai wuyar, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ko an sa sabuwar rana, ba za a ga kowa ba sai an sake neman yardar magidanta, kuma bakina ni kaɗai ba zai ƙara yin wannan aikin ba. Makon da ya wuce na koma shagon Malam Haruna, ba don taro ba, don Rabi ta dawo aji. Ya ba ni benci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Ni ban yi fushi da ke ba, Malama. Na dai gane ba ke ce da ƙofar ba. In mai ƙofar ya zo da kansa ya gaya mini, sai in duba.”

Alhaji, shagonsa yana kan hanyarka ta zuwa masallaci. In kana son rakiya, ka aiko, zan sa mayafina mu je tare. In kuma ka fi so ka je kai kaɗai, hakan ma ya fi.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya albarkaci zuri'arka da dukiyarka, Ya sa alherin da ka shuka a lambun nan ya zame maka inuwa ranar gobe ƙiyama. Allah Ya jiƙan abokinka Malam Sule da dukkan magabatanmu. Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a cikin takardar nan, ka yafe mini. Ciwon abin ne, ba raini ba. Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta, Ya bar mu da zumunci.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Malama Binta,
Sabon Gari, Wudil.